Sabon Takalmin Barewa

Gari bai gama wayewa ba, Auta tana fito da burodin farko daga tanda tana jerawa a kan kanta, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya a ƙofar shagon. Ya dafa gwiwoyinsa yana haki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Lafiya, malam? Wa ya biyo ka?" ta tambaya tana leƙa bayansa.

"Babu kowa," ya ce da ƙyar. "Ruwa za ki taimaka mini da shi."

"To gudun me kake yi da sassafe haka?"

"Gudun ne kawai."

Ta rasa kofi, sai ta ɗebo masa a cikin kofin awon madara. Ya shanye tas, ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushi.

"Akwai fulawa a hancinki."

Ta sa bayan hannu ta goge, ta ƙara shafa wata. Dukansu suka yi dariya.

Tun daga ranar titin gidan burodin ya zama hanyarsa. Mai gyaran firiji ne, shagonsa yana bayan tashar mota, abokan gudunsa suna kiransa Barewa. Shi kuma ya laƙaba mata 'Yar Fulawa. Ya daɗe yana shirin babban tseren da ake yi a cikin gari, kilomita ashirin da ɗaya. Idan ya shigo cikin na gaba, wata ƙungiyar 'yan tsere ta yi alkawarin ɗaukarsa.

Wata safiya ya turo mata saƙo:

"'Yar Fulawa, na wuce ban gan ki ba, sai ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu injin firiji. Ina kika shiga?"

Ta amsa da hannu duk ƙullu:

"Ina ciki ina kwaɓi, Barewana. Ai na ji wucewarka. Ko cikin mutum ɗari kake, zan gane takunka."

Mahaifin Auta tsohon direban bas ne, raunin ido ya sa ya ajiye tuƙi. Tun rasuwar matarsa shi ne uwa shi ne uba ga 'ya'yansa mata biyu. Babbar, wadda suke kira Yaya, ta taɓa aure. Wata rana mijinta ya ce zai je neman aiki a wani gari ya dawo, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta dawo gida da yara biyu, ta shiga ɗakin da mahaifiyarsu ta bari. A gidan nan ba a faɗin "ya gudu" da wasa.

Ranar da Barewa ya zo gaisuwa, Baba ya karɓe shi a falo, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Mece ce sana'arka, samari?"

"Gyaran firiji, Baba."

"Madalla. An ce kuma kana gudu."

"Ina taɓawa."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Baba ya kawar da kai. Idonsa ya tafi ƙofar ɗakin Yaya, inda takalman jikokinsa suke zube.

"Samari, na ba da 'ya ga wanda bai ma koyi gudu ba, ka ga yadda ya yi da mu. To ina ga kai da kake atisaye kullum?"

Barewa ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ba ni da komai a kanka. Zuciyata ce ba za ta ɗauki na biyu ba. Ka gaida gida."

Bayan ya tafi, Baba ya kawo wa Auta zancen mai kantin maganin da ke tsallaken shagonsu, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

"Mutum ne mai zama. Duk lokacin da ka je kana samunsa a kujerarsa."

"Ai shi ya sa kujerar ta lotsa, Baba."

Ta so ya yi dariya. Bai yi ba.

"Ba zan tilasta miki kowa ba, Auta. Amma da hannuna ba zan sake miƙa 'ya ga mai ƙafa ba."

Masu gudu suna da wata ƙa'ida. Idan tsere ya matso, sai su rage atisaye sosai, su bar ƙafa ta huta ta tara ƙarfi. A cikin su Barewa "ja da baya" suke kiran wannan, har sun manta cewa a wajen sauran mutane kalmar tana da wata ma'ana. Barewa bai taɓa yi wa Auta bayaninta ba. Washegarin zuwansa gidansu aka shiga makon tseren, sai ya rubuta mata:

"'Yar Fulawa, daga gobe ba za ki riƙa ganina da safe ba. Na fara ja da baya. Hakan ya fi mini alheri, na kuma san za ki fahimce ni. Ki kula mini da kanki."

Ta karanta a tsaye a gaban tanda. Ta sake karantawa. Sai da ƙauri ya cika shagon sannan ta tuna da burodin da ke ciki.

Duk da haka zuciyarta ba ta yarda ba. Akwai takalmin gudu da ta saya masa ta ɓoye a ƙarƙashin gado, fari mai ratsin ɗorawa. Wata rana ne ya taka fulawar da ta zube a bakin ƙofa, bayan ya wuce ta sa zare ta auna sawun. Da aka tashi daga aiki ta ɗauki kwalin takalmin ta nufi shagonsa. Ta ce a ranta, in ya ga wannan zai san ita ba ta ja da baya ba.

Ba ta same shi ba, ya fita gyara a gidan wani. A kan bencinsa, tsakanin matattun firiji biyu, wata budurwa ce zaune tana gyara lambar da zai maƙala a ƙirji ranar tsere. Ita ce take riƙe musu lokaci a wajen atisaye, suna ce mata 'Yar Agogo. Ita ma ta daɗe tana kallon Barewa da wani ido.

Ta buɗe kwalin ba tare da an ce ta buɗe ba, ta yi 'yar dariya.

"Sabo fil? Yanzu? 'Yar'uwa, ba zai sa wannan ba. Duk wanda ya san shi ya san haka."

Gaskiya ta faɗa, domin ba a shiga tsere da takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba, cin ƙafa yake yi. Amma ba ta ƙara wannan bayanin ba. Cewa ta yi:

"Ki bar shi ya huta. Wannan makon ba ya son damuwa."

Auta ta ajiye kwalin a kan firiji, ta juya. A hanya ta kashe wayarta. Da ta isa gida ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, ka yi gaskiya. Ya gudu."

Baba ya samu abin da ya nema, amma bai ji daɗinsa ba. Yana kallo abincinta yana hucewa a kwano. Yana kallo tana tafiya aiki da kumburarrun idanu. Yarinyar da take cika gida da surutu ta koma sai "to" da "a'a". Ya san wannan shirun. Ya taɓa jin sa daga ɗakin Yaya.

Saƙonnin Barewa kuwa suna ta shiga wayar da ke kashe.

"Na ga takalmin, zumata. Yaya aka yi kika san lambar ƙafata? Me ya sa ba na samunki?"

"'Yar Fulawa, in laifi na yi ki gaya mini. Ko abinci ba ya shiga, ga shi an ce mu ci da yawa."

Da ya ga shirun ya yi yawa, ya sake duba saƙonsa na baya, sai a lokacin ya ga abin da ya rubuta. Ya ɗora hannu a ka. Da yamma ya zo gidan, Baba ya tare shi a ƙofa. Ya yi bayanin ja da baya tun daga farko.

Baba ya saurare shi har ƙarshe.

"Wancan ma da zai tafi, dalili mai kyau ya ba mu."

"Baba, ko gaya mata ku yi na ga takalmin."

"Ta fara haƙura, samari. Kar ka fama mata."

Ya rufe ƙofa a hankali. Bai gaya mata ba.

Ana gobe tsere, Barewa ya zauna a shagonsa da kwanon taliya a gabansa, bai ci rabi ba. Ya maƙala lambarsa a riga. Ya ɗauko tsohon takalminsa da ya san kowane yatsa na ƙafarsa, ya juya shi, ya mayar ƙarƙashin benci. Sannan ya jawo kwalin.

"Ka haukace?" in ji 'Yar Agogo, wadda ke zaune a gefe. "Kafin ka yi rabi zai yanyanka maka ƙafa. Wahalar da ka sha duk ta tafi a banza ke nan?"

"Wayarta a kashe, Baba kuma ba ya isar da saƙo. Hanyar tseren ta bi ta ƙofar shagonsu. Ƙafata kaɗai ta rage da zan yi mata magana."

'Yar Agogo ta miƙe. Ta ɗauki jakarta.

"Ni na ce mata ba za ka sa ba," ta faɗa daga bakin ƙofa. "Allah ya ba ka sa'a."

Ranar tseren an rufe tituna, babu mota, sai Baba ya rako Auta aiki da ƙafa. Ya ce gwiwarsa ta gaji, ya zauna a bencin ƙofar shagon. Ita kuwa ta shige can ciki wajen kwaɓi, ta ba titi baya.

Na gaba suka wuce kamar iska, mutane suna tafi. Baba ya ƙanƙance idanu yana duba su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake da an tambaye shi cewa zai yi ba kowa yake nema ba. Babu Barewa. Na tsakiya suka wuce. Masu ƙiba da masu furfura suka wuce. Auta tana ciki kunnenta yana waje, ba ta ji takun da ta sani ba. Ta ce a ranta, har hanyar ma ya canja.

Rana ta ɗaga, 'yan kallo sun fara watsewa, mai kantin magani yana hamma a kujerarsa. Sai Baba ya hango wani dogo yana tahowa yana ɗingishi, yana jan ƙafa ɗaya. Takalminsa fari ne mai ratsin ɗorawa, amma dunduniya da wajen yatsu sun rine ja.

Baba ya miƙe tsaye.

"Auta. Fito."

Ta fito tana goge hannu. Barewa ya tsaya a inda ya tsaya ranar farko, ya dafa gwiwoyinsa.

"Ruwa za ki taimaka mini da shi."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafarsa, ta saki ƙara.

"Wayyo! Cire shi! Cire shi yanzu!"

"Ya yi mini daidai, 'Yar Fulawa. Sabo ne kawai, bai san ni ba tukuna."

"Kai ka ce ka ja da baya!"

"Daga atisaye. Haka muke cewa in za mu hutar da ƙafa. Ni wawa ne ban gaya miki ba."

Ta juya ta kalli mahaifinta. Baba ya sunkuyar da kai.

"Ya zo ya faɗa mini. Ni na riƙe."

Ta ruga ta ɗebo ruwa a kofin awon madara, rabinsa ya zube a hanya.

"Yaro," in ji Baba, "ka riga ka rasa tseren nan. Zauna a kira maka mota."

"Na san na rasa, Baba. Amma na ce zan kai ƙarshe. Saura zagayen kasuwa kawai."

"Da wannan ƙafar?"

"Ko da rarrafe."

Ya miƙa kofin, ya juya ya ci gaba, kowane taku yana cije leɓe. Baba ya tsaya yana kallon bayansa. Can ya naɗe bakin wandonsa, ya bi shi, yana ɗan sassarfa da takalmin soso har ya jera da shi, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hannunsa.

Auta tana kuka tana dariya ta ɗaga murya:

"Baba! Gudu fa kake yi!"

"Rufe mini baki ki biyo mu da ruwa!"

Suna cikin na ƙarshe da suka kai. Ƙungiyar ba ta ɗauki Barewa ba, ta ɗauki wani. Da yammar ranar a tsakar gidan Baba aka zaunar da shi, aka tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi da gishiri. Baba da kansa ya ɓare safar da ta manne da fata, yana faɗa bai fasa ba.

"Ban taɓa ganin wawa irinka ba. Ko sabon inji ai sai an lallaɓa shi."

"Haka ne, Baba."

Yaya ta kawo tawul, ta daɗe a tsaye tana kallon ruwan da ya yi ja.

"Baba," ta ce a hankali, "nawa ko ƙaya bai taka domina ba."

Ta koma ɗaki. Baba ya matse tawul ɗin, ya ɗauki ƙafar yaron ya ɗora a kan cinyarsa yana gogewa.

Ba a daɗe ba aka ɗaura auren. Ango ya zo da silifa, domin farcen manyan yatsunsa biyu sun faɗi ba su gama fitowa ba, abokansa suka yi ta tsokanarsa. Yaya ce ta shirya ƙanwarta, ta yi kuka ta share, ta kuma fi kowa rawa. Takalmin an wanke shi ya fi a ƙirga, jan bai gama fita ba. Auta ta ce a bar shi haka, ta sa shi cikin kayanta.

Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta da na Barewa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai, ya raba ku da abin da zai raba ku."

Aka amsa da amin. Bai saki hannun Barewa ba.

"Kai kuma, duk ranar da gudu ya kama ka, ka gudo nan gidan. Ina zaune."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Kuma da tsohon takalmi."