Shatin Igiya a Ƙafar Las'ad

Jirgin Rayis Bulbaba ya shigo tashar Mahdiya da hantsi, yana tafiya a hankali cikin hazon da bai gama tashi daga kan ruwa ba. Ko tsuntsu ɗaya bai biyo shi ba. Duk wanda ya tashi a bakin tekun nan ya san jirgin da tsuntsaye ba su rako ba bai ɗauko kifi ba.

Sufeto Shadli yana zaune a gidan gahawa na bakin tasha, ya bar lablabinsa, wato romon wake, ya huce, ya zuba wa teku ido. Halinsa ke nan. A ofis har tsiya ake yi masa wai jikinsa ne kawai ya shiga aikin ɗan sanda, hankalinsa yana can cikin kwalekwalen mahaifinsa. Saja Lutfi ne ya taɓa masa kafaɗa.

"Yallaɓai, in ka dawo daga tafiyar ana nemanka. Las'ad ɗan Zuhra ya rasu a teku."

An shimfiɗe gawar a tsakiyar jirgin, an rufa mata bargo. Rayis Bulbaba yana tsaye a kanta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Las'ad ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa ya koyi teku.

"Raga ce ta ja shi ya faɗa," in ji Rayis. "Da ransa muka tsamo shi. Sai makanikina Munji ya hau ƙirjinsa da wannan abin da aka koya masa a kwas, yana dannawa, har muka ji ƙashi ya karye. Shi ya kashe min ɗa."

Shadli ya ɗaga bargon ta wajen ƙafafu. Shatin igiya ya zagaye idon sawu biyun, ya yi baƙi.

"Wannan fa?"

"Igiyar raga ce ta naɗe shi lokacin da ya faɗa."

Sufeton ya mayar da bargon. Ya leƙa kicin ya tarar da kukun jirgin, wani tsoho mai suna Tayyib, yana goge tukunyar da ba ta da datti.

"Baba, kai me ka gani?"

"Ni? Albasa nake yankawa."

"Mutum ya faɗa ruwa, an tsamo shi, ya mutu, duk kana kan albasa?"

"Albasar da yawa, yallaɓai."

A waje dangin mamacin sun fara taruwa, sunan Munji yana yawo a bakinsu. Sai da Lutfi ya fitar da shi ta bayan rumfar kifi zuwa caji ofis. In maganar Rayis ta tabbata, kisan kai ne zai hau kansa, kuma ko kotu ta sake shi Mahdiya ba za ta sake shi ba.

A asibiti Dakta Nazaha ta cire safar hannu ta dubi sufeton ta saman tabarau.

"Haƙarƙari uku sun karye, daidai inda ake ɗora hannu. Sufeto Shadli, in ana danna ƙirji yadda ya kamata, wannan yakan faru. Ƙashi yana warkewa. Ba shi ya kashe shi ba."

"To mene ne?"

"Amai ne ya toshe masa hanyar numfashi. Kuma shatin ƙafar nan, jini ya kwanta a ƙarƙashinsa. Zuciyarsa tana bugawa aka ɗaure shi."

Shadli ya fito ya bi ta gefen tsohuwar maƙabartar da ke kallon teku. Fararen kaburbura sun gangara har bakin ruwa, rana tana rawa a kansu. Wani abu ya dinga yi masa gizo, wani abu da ya taɓa gani yana ƙarami a wannan gaɓar: mutane sun yi da'ira, ana salati, ga wani mutum kansa a ƙasa. Ya kasa kama hoton sosai, ya bar shi ya wuce.

A caji ofis Munji yana zaune a bayan kanta, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, leɓunansa suna motsi. Ƙirga yake yi. In ya kai talatin sai ya tsaya, ya sake daga ɗaya.

"Ba sai ka wahala ba, yallaɓai," ya ce. "Ni ne. Na ji ƙashinsa a tafin hannuna."

"Faɗa min daga farko."

"Da muka jawo shi ba ya numfashi. Na kwantar da shi, na ɗaga haɓarsa, na hura masa iska sau biyar kamar yadda aka ce a yi wa wanda ruwa ya ci. Sannan danna talatin, huri biyu. Ban san sau nawa na yi ba. Sai ya yi tari."

"Ya yi tari?"

"Ya yi. Na juya shi ta gefe don kada ya shaƙe, na cire masa jiƙaƙƙun kaya da takalman roba, na lulluɓe shi. Na ce a kira masu ceto a rediyo. Rayis ya ce in sauka in ba injin wuta mu kai shi gida. Da na hawo aka ce ya cika, wai na farfasa masa ciki."

"Kai ka cire masa takalman?"

"Ni ne. Dogaye, har gwiwa."

"Akwai wani tabo a ƙafarsa?"

Munji ya girgiza kai. "Babu. Fari fat, don sanyi."

Tausayinsa ya kama Shadli har ya kau da kai. Mutumin nan ya ƙwato abokinsa daga teku, ga shi yana neman a hukunta shi.

Bayan la'asar suka koma jirgin, Munji yana tsakanin 'yan sanda biyu. Hazon ya tafi, ruwan ya kwanta luf, jiragen da ke ɗaure suna ɗan gyangyaɗi. Shadli ya ɗauko takalman Las'ad daga lungu ya ajiye a gaban Rayis.

"Ka ce igiya ta naɗe shi lokacin da ya faɗa. A lokacin yana sanye da waɗannan. Ta yaya igiya ta tsallake roba ta ci fata?"

Sufeton ya ɗaga kai ya dubi sandar ƙarfen da ake ɗaga raga da ita. Guntun igiya yana reto a bakinta, an yanke ta da wuƙa, yankan sabo. A nan hoton yarintarsa ya zo masa cikakke: wanda aka tsamo daga teku ne aka rataye ta ƙafa.

"Baba Tayyib, wa ya riƙe kan, wa ya ja igiyar?"

Tsohon ya fashe da kuka. "Na ce wa Rayis ya bar shi yadda Munji ya kwantar da shi. Wallahi na ce."

Rayis ya zauna a kan akwatin kifi, lokaci ɗaya ya tsufa.

"Ƙirjinsa yana kurkurar ruwa," ya ce. "Ina ji. Mu abin da muka gada, wanda teku ya shiga cikinsa a rataye shi ta ƙafa ya zubar. Haka aka yi wa mahaifina ya tashi. Kwas na kwana uku ne zai koya min teku? Na tura Munji ƙasa don na san zai hana ni. Rediyo kuwa ban ko taɓa ta ba. Na rataye shi. Ya yi amai, ya yi ta fisga, na ce ruwan ne yake fita. Da na sauke shi babu shi."

"Sai ka ɗora wa Munji."

"Da wane baki zan gaya wa Zuhra ni ne?"

Lutfi ya fito da ankwa. Rayis ya miƙa hannu da kansa. Da suka zo wucewa ta gaban Munji sai ya tsaya, bai iya kallon fuskarsa ba.

"Ba hannunka ba ne. Yana numfashi ka sauka. Har ya buɗe ido ya tambaye ni ina kake."

Munji ya ɗago ya dube shi.

"Me ka ce masa?"

"Na ce kana zuwa."

Aka wuce da Rayis ta kan katakon sauka, zuwa wajen da ƙanwarsa take tsaye cikin jama'a tana jira. Munji ya durƙusa a inda aka ɗauke gawar, ya kife tafin hannuwansa a kan katakon, sai a lokacin kuka ya zo masa.