Zanen Mihrabin Hangari

Ranar Asabar da hantsi Bashira ta ɗaga ƙyallen da ke kare zanen mahaifinta daga ƙurar katako, sai ta ga gilashi da allo kawai. An zare ƙusoshin baya, an cire takardar, an mayar da firam ɗin mazauninsa.

Duk wanda ya saba shiga shagon sassaƙar nan na unguwar Ruwais a Jidda ya san zanen. Hoton mihrabi ne na wani tsohon masallaci a ƙasar Hangari, an yi shi da hannu shekara ɗari da suka wuce. Mahaifinta Haladu ya zo da shi shekara talatin baya, lokacin da aka kai shi can gyaran rubutun bango.

Kafin azahar Sa'ud, mai shagon kuma kafilin ma'aikata, wato wanda ya tsaya musu a kan takardun zama, ya yanke hukunci. Ba a fasa kwaɗo ba, makulli kuwa biyu ne, na Haladu da na Abdulghaffar, kafintan da ya zo daga Sudan. Shi Sa'ud ya ɗora wa laifin.

"Halas," in ji Sa'ud. "In bai fito da shi gobe ba, na soke iƙamarsa ta zama a ƙasar nan."

Bashira ta san abin da hakan ke nufi. Za a mayar da dattijo da matarsa da 'ya'yansa uku ƙasar da ake yaƙi. Shi kuwa Haladu ya sunkuyar da kai, bai kare Abdulghaffar ba, abin ya ƙona mata rai.

Ta fara da wanda ake zargi. "Kawu, yaushe ka ga zanen na ƙarshe?"

"Laraba, da na goge gilashin."

"In an kira salla kuna kullewa?"

"Ina! Jan ƙofa muke yi rabi mu tafi. Shekara nawa haka muke."

Ashe zancen makulli shirme ne. Ta leƙa wajen Sadiyya mai shayi da ke kallon shagon, matar da ko kyanwa ta gifta sai ta san inda ta nufa.

"Alhamis da la'asar Nawaf ya zo, mai sayar da kayan tarihi a unguwar Sharafiyya," in ji Sadiyya. "Na bar shi a ƙofa yana jiran babanki, na shiga salla. Ban ga ya ɗauki komai ba, kada ki sa ni ɗaukar alhaki."

Bashira ta hau mota zuwa Sharafiyya. Nawaf ya tarbe ta da gahawa da fara'ar da ta yi yawa.

"An sace zanen Baba. Ko wani ya kawo maka?"

"Wallahi ko kusa, 'yar'uwa. Ni da kaina zan kamo ɓarawon. Kuma tsakani da Allah, wa zai sayi zanen coci a Jidda?"

Ta shanye gahawarta ta yi godiya. A hanya maganar ta yi ta yi mata yawo a ka. Tun tana yarinya masallaci take ji ana cewa.

Ta tarar da mahaifinta shi kaɗai. "Baba, masallaci ne ko coci?"



"Duka biyun. Turkawa suka gina shi masallaci. Da mulkinsu ya ƙare, Kiristoci 'yan Katolika suka mayar da shi coci. Amma ba su rushe ƙubbar ba, mihrabin na nan yana kallon alƙibla, ayoyin na nan a bango. Su suka nemo mai gyara su, suka samo ni. Wata huɗu limaminsu yana shimfiɗa mini darduma in lokaci ya yi. Ranar tahowata ya ba ni zanen, ya rubuta godiya a baya, ya buga hatimin cocin. Ni kuwa tsoron bakin mutane ya sa na rufe bayan da allo."

"Wa ka taɓa faɗa wa?"

"Ko mahaifiyarki ba ta sani ba."

Da la'asar suka koma Sharafiyya, ita da Haladu da Sa'ud da wani ɗan sanda. Bashira ta yi bayani a taƙaice. Ba a buƙatar makulli, tunda ƙofa a buɗe take lokacin salla. Unguwa duka masallaci ta sani. Babu inda aka ambaci coci sai a bayan takardar, kuma shekara talatin allo na rufe da wurin.

"To kai da ka ce mini zanen coci ne, a ina ka gani?" ta tambayi Nawaf.

Ɗan sandan ya sa aka buɗe akwatunan shagon, a na uku aka sami zanen a naɗe.

Haladu bai ko karɓa ba tukuna. Ya juya wajen Sa'ud ya ce, "Kirista ya rufa wa mihrabinmu asiri, ni na kasa buɗe baki in kare ɗan'uwana Abdulghaffar. Mu je mu ba shi haƙuri."

Sun sami Abdulghaffar zaune a shago, ya jera kayan aikinsa don miƙawa. Da ya ji labari ya dubi Bashira, idonsa ya cika.

"'Yata, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira."

Sannan ya lalubo wayarsa, ya kira matarsa a gida.

"Saudatu, kwance kayan nan. Gobe yara su tafi makaranta."