Dokin Da Auta Ta Ƙi Ci

"Kin bar masa!"

Da wannan Baba ya tari Auta a ƙofar zauren gasar ches, darar nan ta doki da sarki, tun ba ta mayar da biro jaka ba. Awa biyar suka yi a zaune ita da Dogo, malamin lissafin da ke neman aurenta, wasan ya tashi canjaras. Kofin gasar ya tafi hannun wani.

"Wallahi Baba, ban bar masa ba..."

"Shekara goma sha biyar ina koya miki a kan teburin ɗinkina! Dokinsa na tsaye babu mai tsaro, kika kau da kai. Namijin da zai sa ki ha'inci tun a waje ba zai taka gidana ba."

Baba bai iya janye magana ba. Irinsu suna da amfani a duniya, amma zama da su sai mai haƙuri.

Auta ta waiwaya. Dogo na tsaye a bayansu, wuyan rigarsa jiƙe da gumi.

"Don Allah ka tafi, Dogona..." ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Bai tafi ba. Ya rusuna.

"Baba, ba a kwashe allon ba. A gwada mana."

Suka koma ciki, ma'aikata na ta tattara kujeru. Dogo ya duba takardar da aka rubuta kowane taku na wasan, ya jera komai yadda yake a taku na talatin da ɗaya. Baba ya zauna a kujerar 'yarsa, ya cinye dokin da ƙarfi har agogon wasa ya girgiza.

Dogo ya tura soja ɗaya gaba.

Baba ya gyara tabarau, ya matsar da sarki. Dogo ya sauko da sarauniya. Taku huɗu, sarkin Baba ya rasa gidan shiga.

"Tarko ne..." in ji Baba.

"Kwana uku na yi ina ɗana mata shi. A minti ashirin ta gano," in ji Dogo.

"Kwana uku?!" Auta ta harare shi, hawaye na zubo mata. "Ni ka ɗana wa?"

"To ke ɗin wasa ce, ranki ya daɗe?"

Baba bai ba ta haƙuri ba, bai taɓa ba kowa ba. Ya dai miƙa mata hankicinsa, idonsa na kan allo.

"Kai, kawunka na da rai?"

"Yana nan, Baba."

"Ya same ni ranar Asabar. Yanzu mayar da dokin nan, sake nuna min."