Kujerar Direba

"Cire zoben, Danelle."

Mahaifiyar Royce ce ta faɗa daga bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba. Gogan naka kuwa ya laɓe a bayanta yana kallon takalminsa.

"Royce, rabin raina... kai ma haka ka ce?"

"Ki gane mana. Za a sake bincikena. In suka ga zan auri mai ɗaurin talala, izinina na ganin sirrin gwamnati ya tafi, aikin ma ya tafi."

Mai ɗaurin talala! Ita da ta koma kujerar direba ranar da ya sha ya yi tatul ya take ƙafar wani mai keke a birnin Norfolk na Amurka. Kuka ya yi mata wiwi, ta ce wa 'yan sanda ita ke tuƙi. Aka yanka mata talalar shekara biyu, aka janye nata izinin, ta bar walda a ma'aikatar jiragen yaƙi ta koma suyar kaji.

Ta cire zoben, zuciyarta na ƙuna.

Ba a yi wata ba sai ta ji an sa masa rana da Corinne, 'yar shugabansa.

Ran nan wata dattijuwa mai binciken gwamnati ta same ta a shagon kaji. Wai a takardar bincikensa Royce ya rubuta sunanta a matsayin tsohuwar maƙwabciya.

Maƙwabciya...

Ta daure ta tambaya ko auren irinta na raba mutum da izininsa.

"Wa ya gaya miki, 'yata? Ko shi ya yi laifin, in ya faɗa da bakinsa ana dubawa. Ƙarya ce ba ma yafewa."

Ashe a banza ta ƙone rayuwarta.

Ta ce za ta faɗi wanda ke tuƙi a ranar. Dattijuwar ta gargaɗe ta: in ta yi wa kotu ƙarya a baya, ita ma tana iya shiga kurkuku.

"Na sani. Ki rubuta."

Ranar da za a tafi da ita kurkuku na wata shida, Royce ya tare ta a harabar kotu. Ba aiki, ba Corinne, tasa shari'ar na jiransa.

"Rabin raina, me na yi miki haka?"

Har yanzu tana son sa, abin haushin ke nan. Ta share hawayenta.

"Ba komai, maƙwabci. Kujerarka na mayar maka."