Jini a Kan Sunan Brannock

"Kowa ya kwanta! Ƙasa! Ƙasa na ce!"

Kehoe ne, ogan 'yan fashin, tsaye da bindiga a tsakiyar shagon kayan tarihin dambe da ke bayan tashar jiragen ruwan Liverpool, rana tsaka. Wilf Tierney ya ɗaga guduma ya maka wa akwatin gilashi. Tas! Ya zura hannu ya fizgo abin da ya kawo su: tsohuwar safar hannu ta dambe, da sa hannun marigayi Sonny Brannock a bayanta. Wani attajiri ya yi alkawarin saye, in dai gwanar tantancewa ta shaida masa da bakinta. Shi ya sa Kehoe ya ɗaure wa gwanar, Misis Ashcroft, idanu ya tura ta mota.

"Barney, taka mota!" in ji Kehoe.

Barney, ƙanen Wilf, ya fizgi motar.

A kujerar baya ne Wilf ya ga ɓarnar. Gilashi ya yanke masa tafin hannu, jini ya ɗiga daidai kan sunan. Shekara da shekaru yana wannan sana'a da doka guda: kada ka bar jininka a kan kaya. Ya zaro man tsabtace hannu daga aljihu ya goga da sauri. Jinin ya fita. Tawadar ma ta bi shi. Inda sunan yake sai wani shuɗin tabo.

Ya cusa safar a jaka, ya cusa hannun a aljihu.

Can a shagon, Sufeto Mallinder ya tsugunna kan ɓaraguzan gilashi. "Ɗayansu ya ji ciwo. A rufe hanyoyin bakin ruwa, a tada jirgi mai saukar ungulu."

Garejin da suka ɓuya ba taga, ƙofa ɗaya ce, Kehoe kuma ya sa mata kwaɗo. Ƙarar jirgi mai saukar ungulu na kai-komo a saman rufi.

"Yaya, lafiya? Ka yi fari fat," in ji Barney, yana ajiye jakar kan benci. "Ko tsufa ne ya fara?"

"Rufa min baki."

Kehoe ya danna lambar mai saye a waya, ya matso da ita bakin matar. "Iya, zan buɗe miki ido. Ki duba, ki faɗa masa gaskiya, ki koma gida ki sha shayinki."

Sana'a sana'a ce, nan take matar ta amsa. "Brannock bahago ne. Haruffansa baya suke kwanciya, yana danna alƙalami har fata ta lotsa. Kallo ɗaya ya ishe ni."

Kafin ya kwance mata ɗaurin, Kehoe ya zuge jakar. Ya tsaya. Ya kashe wayar a hankali.

"Ina sunan?"

Kehoe ya zaro bindiga.

"Na ce ina sunan! Wane ɗan iska ne ya taɓa min kaya?"

Bakin bindigar ya juyo kan Wilf. Ya dubi ƙofa, ya dubi kwaɗon. Ya san Kehoe sarai, ya taɓa ganin abin da ya yi wa wani saboda agogo guda. Tsoro ne ya kama shi, tsoro zalla, har bakinsa ya riga tunaninsa.

"Barney ne ya shigo da jakar."

Barney ya buɗe baki zai yi dariya, sai idonsa ya sauka kan aljihun yayansa. Jini ya jiƙa wandon har gwiwa. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ɗago.

"E, ni ne, oga. Datti na gani, na ɗan goge."

Tau! Kehoe ya harbi Barney a ƙirji.

Ƙarar ita ta nuna wa 'yan sanda garejin. "'Yan sanda ne! A ajiye makami!" Suka ɓalle ƙofa — Kehoe ya ɗaga bindiga — harsashi biyu suka zaunar da shi jikin bango, bai sake tashi ba. Wilf kuwa a durƙushe suka same shi, ya danne ƙirjin ƙanensa da hannun nan mai ciwo, yana kiran sunansa.

A kotu Wilf ya ce Kehoe ne ya haukace ya yi harbi haka kawai. Mahaifiyarsu na zaune a layin gaba da baƙar rigar makokin Barney, ta yarda da shi. Kullum sai ta ɗaga masa hannu.

Sai aka kira Misis Ashcroft. Lauya ya tambaye ta darajar safar.

"Da sunan, gida za ta saya. Yanzu tsohuwar fata ce kawai."

"Idonki a ɗaure yake. Me kika ji kafin harbin?"

"Na ji warin man goge hannu tun a mota, daga wanda ke zaune kusa da ni a baya. Direba bai bar sitiyari ba. A gareji kuma na ji wannan mutumin na kusa da ni ya ce Barney ne."

"Kin gane muryar?"

Ta nuna Wilf.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ɓalla maɓallan rigarta ɗaya bayan ɗaya har wuya, ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"Mama!" in ji Wilf. "Mama, tsaya!"

Alƙali ya yanke masa shekara goma sha huɗu. Ba ta nan lokacin da aka faɗa.