Hudar da Baba Yake Bari

Wata biyu bayan rasuwar Baba, Inna ta aike ni shagonsa in ɗauko mata tabaraunsa. Rana ta kusa faɗuwa. Na tafi yadda nake zuwa ko'ina a kwanakin nan, ƙafa tana tafiya, zuciya shiru.

Shekara arba'in Baba ya yi yana narka tagulla yana zuba siffofin dabbobi. Kowacce yakan bar mata huda a ƙarƙashin ciki, daidai shigar ɗan yatsa. Yakan ce wanda ya shiga tare da wuta, a bar masa ƙofar fita. Da ya rasu, Yaya ya samo mai saye. Mutumin ya ce hudar aibi ce, sai Yaya ya sa aka toshe su duka da dalma. Da aka tambaye ni, na ce to.

Na buɗe shagon. Ƙamshin narkakken kakin zuma na aikin zubi ya tare ni, alhali tun ranar jana'iza ba a hura wuta ba.

Tabarau yana kan benci, kusa da damisar tagulla. Na miƙa hannu, sai ya gogi damisar. Jikinta da ɗumi.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga cikinta ne.

Barewa ta amsa daga lungu. Sai zaki. Sai shagon duka.

Ƙofa ta rufe a hankali. Na ja, ta ƙi.

"'Yar mai zubi," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, daga cikin damisar. "Ubanki bai taɓa kulle mu ba."

Ban yi ihu ba. Na laluba na sami ƙusa da guduma. Na durƙusa, na ɗora ƙusar a kan dalmar da ke ƙarƙashin cikinta.

Tagullar ta fara ƙona mini kunci.

Bugu ɗaya. Biyu.

Dalmar ta faɗa ciki.

Wata iska mai zafi ta fito, doguwa kamar ajiyar zuciya, ta bi ta tafin hannuna. Ƙofar ta buɗe da kanta.

Washegari na ba Yaya labari, ya ce gajiya ce da ƙin yin kuka. Na miƙa masa guduma, na ce ya taɓa barewar. Ya taɓa, ya ji ɗumin. Kafin azahar mun buɗe sauran ashirin da biyu. Mai saye ya fasa.

Har yau hannun nan nawa ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi.

Ranar da abin ya faru, Inna ta karɓi tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta tambayi abin da ya tsayar da ni.

Na ce ƙofa ce.