Hoton da Ya Ƙi Sauka

"Na rantse miki na cire shi tun bara, Nusaiba!"

"To mi yake yi nan?"

Ta juya wa Al'amin fuskar kwamfutar. Ga Sakina, tsohuwar budurwarsa, zaune daram a saman shafin intanet na shagon hotonsa, tana murmushi kamar ita ce amarya.

Nusaiba ta gaji. Sakinar ce da kanta ta tura wa Goggo Ɗelu shafin, Goggo kuwa kafin azahar ta zagaye rabin Madarunfa da waya a hannu. Baba ya ce in hoton ya kai gobe, dangin Al'amin su sha zamansu, kada su kawo gaisuwa.

"Masoyiyata..."

"Don Allah bar ni. Yau ba ni da ƙarfin wanga suna."

Ita ta gina masa shafin, don haka ta jawo kujera ta shiga rumbun bayanansa. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, panka ta tsaya, zufa ta jiƙa mata hijabi. Can ta dafe kai.

"Kash ne."

"Kash kuwa! Ni ma abin da nake ta faɗi ke nan."

"Sunansa ke nan, malam! Tebur ne da shafi ke aje kwafin abin da ya taɓa nunawa, don ya riƙa buɗewa da sauri. Naka ya lalace, ya maƙale kan tsohon kwafi. Kome ka canza, jiya yake nuna wa mutane."

"Yana gyaruwa?"

"Sai an rushe shi an gina sabo."

Ta rubuta umarnin, sannan hannunta ya tsaya. Tsoro ne ya kama ta. In ta gina sabo Sakina ta sake fitowa, to ba teburin ne ya riƙe ta ba.

"Kai za ka danna," ta ce a sanyaye.

Ko ƙiftawa bai yi ba, ya danna.

Shafin ya yi fari, ya daɗe yana juyi, har ta rufe ido.

"Duba mana..."

Ita ce da kanta, Nusaiba. Tsaye bakin tabki, iska ta karkata mata gyale, tana hararar mai ɗaukar hoton.

"Tun yaushe?"

"Tun ran da kika ce in turo manyana."

Ta share hawaye da bakin hijabi, ta miƙa masa wayarta.

"Kira Goggo. Ka ce ta sake zagayen."